Jagorar Sauke Giyabos da Sauya Kulocin Mota a Gida

Kuloci kansa ba abu ne mai wuyar sha'ani ba. Faifai ne guda ɗaya mai lainin a fuskokinsa biyu, da murfi mai sifirin wanda ke matse faifan a jikin filawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a bayan inji, sai kuma boris da ke danna wannan sifirin a duk lokacin da direba ya taka feda. Notuna shida ne kacal suke riƙe da murfin a yawancin ƙananan motoci, kuma wanda hannunsa ya saba ba zai daɗe ba wajen cire tsoho ya ɗaura sabo. Wahalar tana wajen isa gare shi, domin yana zaune ne a tsakanin inji da giyabos, kuma babu yadda za a yi a taɓa shi sai an raba waɗannan biyun. Saboda haka mafi yawan abin da za a bayyana a nan ya ta'allaƙa ne a kan yadda za a sauke giyabos lafiya, a kuma mayar da shi mazauninsa ba tare da an tilasta masa ba.

Za a yi misali da Toyota Corolla ta shekarun 2003 zuwa 2008 mai giyar hannu, wadda ke da inji samfurin 1ZZ-FE mai lita 1.8 da giyabos samfurin C59 mai giya biyar, saboda mota ce da ta wadata a titunanmu, kayanta ba sa wuyar samu, kuma tsarinta ya yi kama da na yawancin motocin da ke ja da tayoyin gaba. Alƙaluman ƙarfin ɗauri da za a ambata nata ne. Wanda ke da wata motar dabam zai amfana da tsarin aikin, amma alƙaluman sai ya ɗauko su daga littafin gyaran motarsa.

A tabbatar kulocin ne kafin a kwance komai

Babbar alamar kulocin da ya ƙare ita ce sulɓi. Idan mota tana tafiya a giya ta huɗu ko ta biyar, aka danna totur sosai, sai ƙarar inji ta tashi amma gudun motar bai ƙaru ba, wani lokaci har da warin ƙauri, to faifan ya cinye ko kuma mai ya taɓa shi. Ana iya gwadawa a tsaye: a ja birkin hannu, a sa giya ta uku, a ɗan ƙara wuta sannan a saki feda a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin nan take, wanda ya gaji kuwa zai bar shi yana ci gaba da aiki. Kada a maimaita wannan gwajin sau da yawa, domin shi kansa yana ƙona faifai.

Akwai kuma matsalolin da ake ɗora wa kuloci alhali laifin yana waje. Idan feda ta yi laushi, ko tana nutsewa ba ta dawowa, giya kuma tana ƙin shiga yayin da inji ke aiki amma tana shiga sumul idan an kashe shi, sai a fara duba man kuloci a cikin tanki, a duba masta na sama da ke bayan feda da masta na ƙasa da ke jikin giyabos, waɗanda ke isar da ƙarfin feda zuwa kuloci ta hanyar mai, ko suna yoyo. Wannan gyara ne da ba ya bukatar sauke komai. Ƙarar da ke tasowa idan an taka feda, ta ɗauke idan an saki, yawanci ta boris ɗin kuloci ce. Wadda ake ji idan giya tana firi kuma ƙafa ba ta kan feda, ta ɓace da zarar an taka, ta fi nuni ga boris na cikin giyabos, kuma sabon kuloci ba zai magance ta ba. Karkarwar mota wajen tashi tana iya zuwa daga faifan da ya sha mai, ko filawil da zafi ya ɓata, ko kuma injin sit, wato mazaunin roba da ke ɗauke da inji, da ya tsage, shi kuwa na ƙarshen nan ana ganinsa da tocila ba tare da an kwance noti ko ɗaya ba.

Kayan da za a saya da wurin aiki

A ra'ayina, duk wanda ya sauke giyabos ya sauya faifai kaɗai ya yi asarar wahalarsa. Faifai da murfi da boris tare suka tsufa, tare kuma ya kamata su tafi, shi ya sa kamfanoni irin su Aisin da Exedy da Valeo da LuK da Sachs suke sayar da su a kwali ɗaya. A haɗa da sil biyu, wato zoben robar da ke hana mai yoyo, na inda shaf, sandar da ke juya tayar gaba, ke shiga giyabos, da sababbin notunan shaf guda biyu, da man giya lita 2 mai lamba 75W-90, da sil ɗin bayan inji idan motar ta yi tafiya mai yawa. A kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za a tarar da sabo da na hannu da kuma jabu a kwali mai kyau, don haka ya fi dacewa a riƙe lambar jikin motar, kuma idan hali ya yi a tafi da tsohon faifan bayan an ciro shi, a ɗora shi a kan sabon, a ƙirga haƙoran tsakiya, a gwada faɗinsu. Na wannan Corolla faɗinsa milimita 212 ne.

Wurin aiki ya fi kowane kayan aiki muhimmanci. Ana bukatar daɓen siminti mai ƙwari wanda ba shi da gangara. Tsakar gida mai rairayi ko turɓaya ba ta dace ba, sai dai idan an shimfiɗa katakai masu kauri da faɗi a ƙarƙashin duk abin da zai ɗauki nauyi. Jak na ɗaga mota ne kawai, ba na riƙe ta ba ne yayin da mutum yake kwance a ƙarƙashinta. Aikin riƙewa na matokaran ƙarfe ne masu ƙafafu, aƙalla guda biyu. Bulon siminti da ake gani ana jerawa a wasu garejoji yana fashewa lokaci guda ba tare da ya ba da wata alama ba, kuma a wannan aikin musamman za a riƙa girgiza motar da ƙarfi wajen zare giyabos.

Sauran kayan su ne jak mai taya, da wani jak na biyu ko sandar ƙarfe da ake gittawa a saman inji don rataye shi, da jerin sokat da sifanu daga milimita 10 zuwa 19, da sokat mai lamba 24 na toshin mai, da mai lamba 30 mai kusurwa 12 na notin shaf, da dogon hannu na karya noti, da ƙarfen ɓamɓara, da guduma, da filaya, da sandar saita faifai, da sifana mai ma'aunin ƙarfin ɗauri. Ita wannan ta ƙarshe ko aro ne a nemo ta. Haka kuma a nemi mutum na biyu, domin giyabos ɗin ya kusa kilo 40, kuma nauyinsa ba a tsakiya yake ba. Kafin a cire kowace waya ko tiyo a ɗauki hotonta da wayar hannu, notunan kowane sashe kuma a zuba su a leda dabam a rubuta sunan inda suka fito, tunda notunan da ke haɗa giyabos da inji ba tsayinsu ɗaya ba.

Aikin sama

Ana farawa tun motar tana ƙasa a kan tayoyinta. A cire kan batir na nagatif da farko, sannan na fozitif, a fitar da batir ɗin da farantin da yake zaune a kai, a kuma cire akwatin matatar iska da bututunsa. Da an kawar da waɗannan, saman giyabos zai bayyana fili. A zare filogin wayar fitilar ribas da na na'urar auna gudu, a kwance wayar as da ke ɗaure a jikin giyabos, sannan a koma kan igiyoyin giya guda biyu: kowace tana da fil a bakinta da wani ƙarfe mai siffar kofato da ke riƙe ta a mazauninta. A cire su a ture igiyoyin gefe ba tare da an lanƙwasa su ba.

Masta na ƙasa a wannan motar yana waje, a gaban giyabos, kuma notuna biyu ne ke riƙe da shi. A kwance su tare da maƙalan da ke riƙe bututunsa, a ɗaure shi da waya a gefe, amma kada a buɗe bututun man, domin muddin ba a buɗe ba babu bukatar fitar da iska daga baya. Daga wannan lokacin a gargaɗi kowa a gidan, musamman yara masu son shiga mota suna wasa da sitiyari, kada wanda ya taka fedar kuloci, saboda fistin ɗin zai fito waje man ya zube. Bayan haka a cire wayoyin kik da notunansa biyu a fitar da shi, a kuma sassauta notunan saman giyabos da hannu ke iya kai wa daga sama, amma a bar su a ciki tukuna.

Abu na ƙarshe kafin ɗaga mota shi ne notin shaf da ke tsakiyar kowace tayar gaba. An ɗaure shi da ƙarfin Nm 216 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri da ake karantawa a jikin sifana mai ma'auni), kuma an daddale bakinsa cikin wani tsagi da ke jikin shaf don kada ya warware. A fara ɗago wannan daddalewar da siririn ƙarfe da guduma har ta fita sarai, in ba haka ba notin zai cinye zaren shaf yayin fitowa. Mutum ɗaya ya taka birki, ɗayan ya karya notin da dogon hannu. A sassauta notunan taya su ma, a ja birkin hannu, a sa waigi a gaba da bayan tayoyin baya, sannan a ɗaga gaban motar a ɗora ta a kan matokarai a wuraren da aka tanada a jikin shasi. Tsayin ya isa yadda giyabos zai iya fitowa ta ƙasa yana kan jak. A girgiza motar da hannu biyu da ƙarfi. Idan ta motsa ko kaɗan, a sake zaman matokaran. Tayoyin da aka cire a kwantar da su a ƙarƙashin gefen motar domin ƙarin kariya.

Aikin ƙasa da sauke giyabos

A cire robobin da ke rufe ƙasan inji da na cikin mazaunin tayar hagu. Wajen juye man giya, a fara kwance toshin zubawa na gefe kafin na juyewa da ke ƙasa, saboda idan aka juye mai sannan aka tarar toshin zubawa ya ƙi kwantuwa, an shiga matsala. A lura da man da ya fito. Ɗan laushin garin ƙarfe ba abin damuwa ba ne, amma gutsattsarin da yatsa ke iya ji yana nufin giyabos ɗin kansa yana bukatar bakanike ya buɗe shi tun yana ƙasa.

Domin fitar da shaf, a raba boljoyin na ƙasa, wato gaɓa mai ƙwallo da ke ƙasan mazaunin taya, da hannun da yake zaune a kai ta hanyar cire bol ɗaya da noti biyu, a danna hannun ƙasa, sannan a jawo mazaunin taya waje a tura bakin shaf ciki har ya fita. Idan ya ƙi, a mayar da tsohon notin a baki a buga a kansa da guduma ta roba, kada a bugi zaren kai tsaye. A kula da tiyon birki da wayar ABS kada su miƙe. Ɓangaren shaf na ciki yana riƙe ne da wani zoben ƙarfe, kuma ana fitar da shi ta hanyar sa ƙarfen ɓamɓara tsakanin kofin shaf da jikin giyabos a yi masa fizga ɗaya mai kaifi. Ba a jan sandar shaf ɗin da hannu, domin haɗin da ke cikin roba zai rabu, ƙananan boris ɗinsa su watse a cikin giris. Muddin shaf yana waje, ba a sauke motar a kan tayoyinta a tura ta, saboda hakan yana lalata boris ɗin taya.

Yanzu sai tallafe inji. Injin sit huɗu ne ke ɗauke da inji da giyabos a haɗe: na dama yana jikin inji kuma shi ba za a taɓa shi ba, na hagu yana kan giyabos, sai na gaba da na baya. Da an cire ukun nan babu abin da ke riƙe gefen hagu na inji, don haka dole a rataye shi daga sama, ko a tallafe shi daga ƙasa da jak wanda aka ɗora wa katako mai faɗi don kada kaskon baƙin mai ya loɓa. Ratayewa ta fi, saboda tana barin ƙasan motar a sarari. Bayan an tallafe, a cire injin sit na gaba da ƙarfen da ya ratsa ƙasan inji daga gaba zuwa baya, a cire na baya tare da mariƙinsa, a sa jak mai taya a ƙarƙashin giyabos, sannan a cire na hagu. Wurin yana da matsi a gefen baya, shi ya sa wasu suke sassauta babban ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun gaba su sauke shi kaɗan. Wanda zai yi haka ya fara shata mazauninsa da fenti don ya koma daidai inda yake.

A sauke inji da giyabos tare kaɗan-kaɗan, gwargwadon yadda ƙarshen giyabos zai wuce ƙarƙashin shasi, ana duban tiyoyin lagireto da salansa da wayoyi kada wani ya ɗaure. Sannan a cire sauran notunan da ke haɗa su, a bar ɗaya na sama har sai an tabbatar kowa ya shirya. Kafin a ja, a zagaya da hannu da tocila a ƙirga ramukan, domin sau da yawa akwai noti ɗaya da ke shigowa ta ɓangaren inji wanda datti ke rufewa. Idan giyabos ya ƙi rabuwa, kusan kullum noti ne ya rage, ko kuma tsatsa ta kama turakun saiti guda biyu da ke tsakaninsu. A girgiza shi a hankali, a ja shi kai tsaye zuwa hagu yana miƙe har sandarsa mai haƙora da ke shiga tsakiyar faifai ta fita gaba ɗaya daga cikin kuloci, sai a sauke jak. Kada a bari nauyinsa ya rataya a kan sandar tana rabin fita, saboda hakan yana lanƙwasa tsakiyar faifai, yana kuma iya taɓa boris ɗin cikin giyabos.

Kulocin kansa

Ƙurar da ke cikin ƙoƙon giyabos, wato bakinsa da ke rufe kuloci, ba ta shaƙa ba ce. Tsofaffin faifai da wasu masu arha suna ɗauke da asbestos, wanda ke illata huhu, don haka ba a hure ta da baki ko da iskar famfo. A sa takunkumi, a jiƙa ta da maganin wanke birki a goge da tsumma. A hana filawil juyawa ta hanyar sa sukudireba mai ƙarfi a haƙoransa, a sassauta notunan murfi shida kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa kishiyarsa, har ƙarfin sifirin ya saki. A tare faifan da hannu kada ya faɗo, a kuma lura da fuskar da ke kallon inji.

Tsohon faifai yana ba da labarin abin da ya faru da shi, kuma ya cancanci a tsaya a karanta. Idan zurfin da ke tsakanin fuskar lainin da kan ribit, wato ƙusoshin da ke riƙe lainin, ya gaza milimita 0.3, tsufa ne kawai ya cinye shi. Idan lainin yana da sauran kauri amma ya yi baƙi yana maiƙo, mai ne ke zubowa, ko daga sil ɗin bayan inji ko daga na sandar giyabos, kuma warin man giya mai kaifi ya bambanta da na baƙin mai, don haka hanci zai nuna wanne ne. Sabon faifan da aka ɗaura a kan yoyon da ba a toshe ba zai fara sulɓi cikin ɗan lokaci. Idan kuwa fuskar murfi da ta filawil sun yi shuɗi-shuɗi, zafi ne, kuma galibi daga ɗabi'ar direba yake: ɗora ƙafa a kan feda ana tafiya, ko riƙe mota da rabin kuloci a cunkoso da kan tudu, ko lodin da ya fi ƙarfin motar.

A shafa fuskar filawil da farce. Idan tana da santsi, gogewa da takardar yashi mai laushi ta wadatar. Idan akwai kwari-kwari da farce ke maƙalewa a ciki ko tabon zafi mai tauri, a kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe su share fuskar, idan kuma ya tsattsage sosai a sauya shi. Karkacewarsa bai kamata ta wuce milimita 0.1 ba. Cire shi ne kuma ke ba da damar sauya sil ɗin bayan inji, wanda ake shafa wa leɓensa ɗan mai a buga shi a hankali har ya yi daidai da bakin mazauninsa. Wajen mayar da filawil ana shafa wa zaren notunan maganin kulle zare, a ɗaure su ana tsallakawa zuwa Nm 49, sannan a ƙara wa kowanne juyi na digiri 90.

A ɓangaren giyabos, a zare tsohon boris da ƙarfe mai yatsu biyu da ke tura shi, a wanke komai, a duba ƙarfen ko ya tsage a inda yake zama a kan ƙwallonsa. A shafa giris mai jure zafi a kan ƙwallon, da bakin yatsun, da ramin da sandar masta ke zama, da kuma haƙoran sandar giyabos. A nan ƙaranci ya fi yawa amfani. A zura sabon faifan a kan sandar a kai da komo da shi sau biyu ko uku, a cire, a goge duk giris ɗin da ya taru a baki, domin abin da ya rage zai fantsama kan lainin da zarar inji ya tashi. Wannan gwajin ne kuma zai tabbatar haƙoran sun dace tun kafin a sha wahalar ɗagawa.

Sabon murfi yana zuwa da man hana tsatsa a fuskarsa, sai an wanke shi tas, haka ma filawil, kuma da hannu mai tsabta ake taɓa faifai. Yawancin faifai suna da rubutu da ke nuna gefen filawil ko gefen giyabos. Idan babu, gefen da cibiyarsa da sifirin ɗinsa suka fi tudu shi ke kallon giyabos, kuma idan aka juya shi za a ga bai kwanta a jikin filawil ba. A riƙe shi da sandar saiti, a ɗora murfin a kan turakunsa, a ɗaura notunan da hannu. Kafin a matse, a leƙa ta tsakiya a kuma shafa gefen faifan ta ramukan murfi a tabbatar tazarar ɗaya ce ta kowace fuska, domin sandar saitin tana da ɗan wasa kuma nauyin faifai yana sa ta sunkuya. Sannan a ɗaure kaɗan-kaɗan ana tsallakawa, har a kai Nm 19. Adadin ƙarami ne, kuma wanda ya saba ɗaure noti da dukkan ƙarfinsa zai iya tsinke su.

Mayar da giyabos

A nan ne haƙuri ke ƙarewa, a nan ne kuma ake yin ɓarna mafi tsada. A sauya sil biyu na shaf tun giyabos yana ƙasa, a tabbatar turakun saiti biyu suna jikin inji kuma babu wayar da ta faɗa tsakani. A sa giyabos a wata giya, a ɗaga shi da jak har sandarsa ta fuskanci tsakiyar kuloci, a daidaita shi yadda tazarar da ke tsakanin bakinsa da inji za ta zama ɗaya a sama da ƙasa da gefe. A tura ana girgizawa. Idan ya tsaya saura kamar faɗin yatsu biyu, haƙora ne ba su haɗu ba, sai mutum na biyu ya ɗan juya injin da sokat ta notin fulin gaba yayin da ake turawa. Idan sun haɗu za a ji ya zame ciki da kansa kamar takobi a kube, bakinsa ya haɗu da na inji.

Ba a jawo giyabos da notuna ko da tazarar ta yi ƙanƙanta. Noti yana da ƙarfin da zai matse abin da bai daidaita ba, sakamakon kuwa shi ne lanƙwasasshen faifai ko fasasshen ƙoƙon giyabos, wanda na alminiyam ne. Idan hannu bai iya haɗa su ba, a sauke a sake saita faifai. Sai fuskokin biyu sun manne sannan a sa notunan, kowanne a raminsa, a ɗaure.

Daga nan ana bin sawun da aka zo ne a koma: injin sit na hagu, na baya, na gaba, a bar notunansu da ɗan sassauci har injin ya zauna da nauyinsa sannan a ɗaure. A mayar da masta na ƙasa, kuma tun a wannan matakin a taka feda a ji. Ya kamata ta yi nauyi daidai, ƙarfen yatsun kuma ya motsa. Gara a gano kuskure yanzu da a gano shi bayan an ɗaura taya. Wajen mayar da shaf a juya buɗaɗɗen bakin zobensa ya kalli ƙasa, a shafa wa sil ɗan man giya, a tura har a ji ya kama, sannan a ja kofin a tabbatar ba ya fitowa. Boljoyin yana ɗaukar Nm 89, sabon notin shaf Nm 216 sannan a daddale bakinsa cikin tsagin, notunan taya kuma Nm 103. A zuba man giya motar tana daidai ba a karkace ba, har ya fara dawowa ta ramin zubawa, wato kimanin lita 1.9, a ɗaure toshin zuwa Nm 39. Kik, igiyoyin giya, wayar as, filogai, akwatin iska da batir su biyo baya, nagatif a ƙarshe.

Wasu motocin sun saɓa wa wannan tsarin. Masu ja da baya irin su Hilux da Hiace ba su da wahalar shaf biyu. Ana cire dogon shaf ɗin da ke zuwa baya bayan an yi masa alama don ya koma yadda yake, a cire sandar giya ta cikin mota, a ja giyabos baya, sai dai ya fi nauyi, kuma akwai ƙaramin boris a tsakiyar bayan inji wanda ya kamata a sauya. Golf 3 mai giyabos samfurin 020 kuwa kulocinta a juye yake: murfin matsi ne ke ɗaure a jikin inji, filawil ya rufe shi daga waje, boris ɗin yana can ƙarshen giyabos yana tura wata doguwar sanda da ta ratsa ta ciki. Motocin zamani da dama, musamman masu dizal, suna da filawil mai hawa biyu wanda ba a share fuskarsa sai dai a sauya, wasu kuma mastansu na ƙasa yana haɗe da boris a cikin ƙoƙo, don haka dole a buɗe bututun mai a kuma fitar da iska bayan an gama, da man birki irin wanda aka rubuta a murfin tankin.

Gwaji

Kafin a tayar da inji a taka birki sau da yawa, a gwada shigar kowace giya. Wasan fedar kuloci kafin ta fara nauyi ya kasance tsakanin milimita 5 da 15. A tayar da injin giya tana firi, a saurara, a taka kuloci a jira daƙiƙa biyu ko uku sannan a sa ribas: idan ta shiga ba ƙara, kuloci yana saki yadda ya kamata. Idan ta yi gurnani, ko iska ce a cikin mai, ko saitin feda, ko kuma an juya faifai. Sabon kuloci yakan kama tun feda tana ƙasa fiye da yadda aka saba da tsohon, wannan ba matsala ba ce.

A fara da gajeren zagaye a unguwa, a dawo a leƙa ƙasa da tocila a duba bakin sil biyu da toshin mai ko akwai ɗigo, a sake bin notunan taya. A kilomita 500 zuwa 800 na farko a guji fizgar mota da lodi mai nauyi da riƙe ta da rabin kuloci a kan tudu, domin fuskar faifai ta samu ta kwanta daidai a jikin filawil da murfi. Idan an sassauta babban ƙarfen ƙafafun gaba yayin aikin, ko aka ga sitiyari ya karkace ko motar tana ja gefe ɗaya, a kai ta a yi mata saitin ƙafa kafin ta fara cin taya.